Oba-oba, Tasha da Sautin Ƙofa: Sharhi kan Jin Juna Tsakanin Masu Kai Ɗauki a Madawa, Buza da Keita

Da can, duk wanda ka gani riƙe da rediyon oba-oba ka san mai kaki ne. Yanzu abin ya sauko kasuwa. 'Yan agajin wa'azi suna da shi, masu gadin ma'ajiyar albasa suna da shi, haka ma 'yan kamasho a tashar mota da masu tsaron ƙauye. Yawancin waɗannan na'urori ƙirar Sin ne, masu araha, irin su Baofeng, kuma ta kasuwannin kan iyaka suke shigowa kamar yadda fitila da caja ke shigowa.

Da yawaitar na'urar sai wasu zantuka suka bi ta, aka riƙa maimaita su har suka zama kamar gaskiya. Ana cewa idan ka sa lambar sirri a oba-oba babu mai jin zancenka. Ana cewa idan kana da irin na'urar jandarma za ka iya kiransu ranar da abu ya faru. Wasu matasa masu bincike a intanet kuma sun ci karo da jerin zanguna da lambobi da ake kira tashoshin haɗin gwiwar masu kai ɗauki, sun ɗauka ko'ina a duniya suke aiki. Duk ukun akwai kuskure a cikinsu, kuma kuskure ne da ka iya jawo asarar rai ko ɗauri.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Zango shi ne gurbin da murya ke bi a cikin iska. Ana auna shi da yawan kaɗawar igiyar rediyo a daƙiƙa ɗaya. Kaɗawa ɗaya ita ce haz, miliyan ɗaya kuma megahaz. Gidajen rediyon FM da ake saurara a gida suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Oba-oba yana sama da nan: ko dai a rukunin da ake kira VHF, wajen megahaz 136 zuwa 174, ko a rukunin UHF, daga 400 zuwa sama. Akwai kuma rukunin HF, daga megahaz 3 zuwa 30, wanda ma'aikata a Nijar suka fi sani da suna BLU. Shi ne mai doguwar eriya a bayan motocin ƙungiyoyin agaji, mai iya kai murya ɗaruruwan kilomita.

Tasha kuwa aljihu ce kawai a cikin na'ura, inda mai saiti ya ajiye zango. A nan rikicin farko yake. Ƙaramin oba-oban da ya fi yawa a kasuwa yana da maɓalli mai juyi 16. Mutum biyu za su tsaya gaba da gaba, kowa ya juya nasa zuwa lamba 3, su yi ta "kana ji na?" babu wanda ya ji ɗan'uwansa, domin abin da aka zuba a aljihu na uku na wannan daban ne da na wancan. Lambar da ke jikin maɓalli ba ta da wata ma'ana a wajen na'urar da take kanta.

Sikana na'ura ce mai sauraro kawai, ba ta aika murya. Tana tsallake zanguna da sauri, inda ta ji magana ta tsaya. A Amurka akwai mutane masu yawa da suka mai da wannan abin sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tantabara.

Kalma ta ƙarshe ita ce wadda takardun Faransanci da na Ingilishi ke rubutawa da dogon suna, mu kuma za mu kira ta jin juna. Ma'anarta: ma'aikatan hukumomi daban-daban su iya magana kai tsaye ta rediyo a lokacin da suke aiki guda, ba sai kowa ya kira ofishinsa, ofis ya buga wa wani ofis waya, sannan saƙo ya gangaro ba. Tashar jin juna ita ce zangon da aka keɓe, aka zuba a na'urar kowa da suna ɗaya, domin irin wannan rana.

Sautin ƙofa: mai gadi ne, ba ya kulle komai

Wanda ya taɓa kunna rediyo inda babu tasha ya san ƙarar "shuuu" da ke fita. Kowane oba-oba yana da abin da ke toshe lasifika har sai an sami murya ta gaske. Amma idan ƙungiyoyi uku suna amfani da zango ɗaya, kowa zai riƙa jin surutun kowa dare da rana. Don magance wannan ne kamfanin Motorola ya fito da wata dabara tun shekarun 1950: na'urar mai magana ta riƙa aika wani siririn gurnani tare da muryarsa, mai ƙasa sosai, tsakanin haz 67 da 254, wanda ake tace shi kafin ya iso kunne. Na'urar mai sauraro ba za ta buɗe lasifika ba sai ta ji gurnanin da aka ce mata ta jira. Sunan dabarar a takarda CTCSS. Akwai ƙanwarta DCS, wadda ke aika lamba a maimakon gurnani. Mu kira su sautin ƙofa.

Ka ɗauke shi kamar mai gadin zaure da aka ce masa kada ya shigo da kowa sai mai farar hula. Aikinsa a kan masu shigowa ne. Ba shi da iko a kan muryar mai gida idan ta fita ta kan katanga. Sautin ƙofa yana hana ka jin wasu. Ba ya hana wasu jin ka. Duk wanda ya kashe sautin ƙofa a na'urarsa ya bar ta a buɗe, zai ji zancen dukan ƙungiyoyin da ke kan wannan zango, kowace lamba suka sa. Sikana ma tana iya karanto sautin da kake amfani da shi ta nuna shi a fuskarta cikin daƙiƙu. Laifin ruɗanin na 'yan kasuwa ne tun asali: Motorola ya sa wa dabarar sunan talla mai ma'anar layin keɓe, masu ƙera ƙananan na'urori suka bi sahu suna rubuta "lambobin sirri" a jikin kwali. Masu tsaron ƙauyen da suka yarda da abin da ke jikin kwali, suna faɗin inda suka tsaya da ko su nawa ne, suna yi wa duk mai na'urar jaka kaɗan shela ne.

Akwai illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Tunda zangon ɗaya ne, idan mutum biyu masu sauti daban suka danna maɓalli a lokaci guda, muryoyin suna karo, mai ƙarfi ya danne mai rauni. Kowa yana ganin hanya a buɗe take domin bai ji kowa ba, alhali yana take maganar wani, wataƙila ma kiran neman ɗauki ne.

Sannan lambobin ba su daidaita tsakanin kamfanoni ba. A jeri mai sauti 38, lamba 1 ita ce haz 67.0, lamba 2 kuma 71.9. A jeri mai sauti 50, lamba 2 ita ce 69.3. Ke nan ko zango ya zo ɗaya, cewa "ku sa lamba biyu" bai isa ba. Sai an faɗi haz ɗin kansa.

Abin da ke ɓoye zance na gaske shi ne sirrantawa, wato a mai da murya lambobi a dagula su da mabuɗin da mai karɓa kaɗai ke da shi. Wannan sai a rediyon dijital, irin tsarin DMR, ko TETRA na Turai, ko P25 na Amurka. Ko a nan ma a yi hattara: rediyon dijital yana da nasa mai gadin zauren, wanda a DMR ake kira lambar launi, daga 0 zuwa 15, kuma ita ma ba sirri ba ce. Murya ta koma dijital daban, a sirranta ta daban.

Daga ina jerin intanet ya fito

Ranar 11 ga Satumba 2001, jiragen sama masu saukar ungulu na 'yan sandan birnin New York sun hango halin da benen da ya rage yake ciki, bayan ɗaya daga cikin tagwayen benayen da aka kai wa hari ya rushe, aka ba 'yan sanda umarnin fita ta rediyonsu. 'Yan kwana-kwana suna kan wani tsari daban, kuma na'urorinsu na ta ba su wahala a cikin ginin. An rasa 343 daga cikinsu a wannan rana. Bayan guguwar Katrina ta 2005 aka sake ganin irin wannan rami: masu ɗauki sun zo daga jihohi da yawa, na'urorinsu ba sa jin juna.

Daga nan Amurka ta tsaurara tsarin tashoshin ƙasa baki ɗaya, masu suna ɗaya a kowace na'ura. Tashar kira a rukunin VHF sunanta VCALL10, a megahaz 155.7525, tana da tashoshin aiki da ke biye da ita, VTAC11 zuwa VTAC14. Sautin ƙofar da aka tsayar musu haz 156.7 ne. Ka'idar da aka shimfiɗa tana da hikima: mai magana ya aika da sautin, amma mai sauraro ya bar ƙofarsa a buɗe, domin kada wani baƙo da bai saita nasa daidai ba ya yi ta kira ba a ji shi. An kuma nemi a bar lambobin zaurance na kowace runduna a yi magana fili idan aikin na haɗin gwiwa ne.

Waɗannan lambobi na ƙasar Amurka ne. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya shiyya uku. Amurka tana shiyya ta biyu, Afirka da Turai suna ta farko, kuma a cikin kowace shiyya ƙasa ce ke raba zangunanta. A Nijar hukumar ARCEP ce ke da wannan aiki, ita ce ta gaji ARTP a 2018. Matashin da ya zuba 155.7525 a na'urarsa a Buza, ko dai ya ji shiru, ko ya faɗa gurbin wani da aka ba lasisi. Zangunan neman ceto da duniya ta yi tarayya a kansu kaɗan ne, kamar megahaz 121.5 na jiragen sama da 156.8 na jiragen ruwa, kuma babu wanda ya shafi mai kai ɗauki a ƙasa.

Faransa ta fi kusa da mu a misali, tunda daga can aka gaji tsarin masu kaki. Shekaru da yawa jandarmominta suna kan tsarinsu mai suna RUBIS, 'yan sanda suna kan ACROPOL, daga baya aka yi wa 'yan kwana-kwana ANTARES. Ƙasa mai wannan arziki ma sai da kowace runduna ta gina nata gidan kafin a dawo ana neman ƙofar da za ta haɗa su.

Abin da ƙasar Adar ke yi wa murya

Igiyar VHF da UHF kusan miƙe take tafiya, kamar hasken tocila. Akwai lissafin da masu aikin rediyo ke yi: mutum biyu a tsaye a fili fetal, na'ura a tsayin kafaɗa, iyakar nisan da za su kai bai wuce kilomita 10 ba, kuma a aikace sau da yawa ba a kai rabin haka. A ɗora eriya a kan ƙarfe mai tsawon mita 30, nisan ya haura kilomita 25. A kafa wannan ƙarfen a bakin dutsen da ya ɗara kwari da mita 100, sai a doshi kilomita 50. Tsayi ya fi ƙarfin batir amfani nesa ba kusa ba.

Wanda ya san Keita da Buza ya san abin da wannan ke nufi. Ƙasa ce ta faffaɗan tudun dutse da kwaruruka masu zurfi a tsakaninsu, ita ce ta sa aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO ya ƙare ƙarfinsa a kan gina shingen duwatsu da madatsai. Ƙauyuka da gonaki suna cikin kwari, inda ruwa yake, a Magiya da sauran koramu. Motar asibiti da ta gangara kwari ɗaya da motar jandarma da ke kwari na gaba suna iya zama kilomita biyar tsakaninsu, a kan zango ɗaya da sauti ɗaya, dutsen da ke tsakani ya haɗiye muryar. Madawa ta fi sauƙi ta wajen fadamar Tarka da babbar hanyar da ta taso daga Konni zuwa Maraɗi, amma ita ma arewacinta tudu ne.

Maganin wannan shi ne na'urar miƙa murya, wadda masu Faransanci ke kira rele. Ana kafa ta a wuri mai tsayi. Tana karɓa a zango ɗaya, tana sake watsawa nan take a wani. A nan ne sautin ƙofa ke da aikinsa na gaske, domin shi ne ke tashin na'urar, ya hana ta amsa kowace hayaniya. Sai dai rele yana son faifan hasken rana, da batir, da mai share ƙura lokacin hunturu, da mai gadi. Sayen na'ura ana yi sau ɗaya a ɗauki hoto. Canza batir bayan shekara uku ne ba ya samun mai ɗaukar nauyi.

Irin wannan aikin rediyo ba baƙo ba ne a Nijar. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 aka gwada haɗa ƙananan asibitocin karkara da asibitin gunduma ta rediyo mai aiki da hasken rana tare da motar ɗaukar marar lafiya a gundumar Walam, tun kafin salula ta isa ƙauye.

Kaki iri-iri, ma'aikata daban-daban

A ɗauka babbar mota ta yi karo da motar fasinja a kan hanyar Madawa da daddare. Jandarma zai zo domin hanya da bincike, kuma shi da soja suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. 'Yan sanda da gardi suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Motar asibiti ta ma'aikatar lafiya ce. Idan kayan da ke motar na fito ne, duwan ma yana da magana, shi kuma na ma'aikatar kuɗi ne. In gobarar daji ce, ga jami'an gandun daji. Kowace ma'aikata da kasafinta, da ɗan kwangilarta, da ƙasar da ta ba ta kyautar kayan aiki a shekarar da ta samu. Wannan ne tushen rashin jin juna a ko'ina a duniya, kuma ba ya buƙatar mugun nufin kowa.

Tawagar Tarayyar Turai mai suna EUCAP Sahel, wadda ta fara aiki a Nijar a 2012, ta sa jin juna tsakanin rundunonin tsaro cikin manyan ayyukanta, har gwamnati ta soke yarjejeniyarta a Disamba 2023. Tafiyar masu ba da tallafi ba ta tafi da buƙatar ba.

Ko na'urori sun haɗu, da sauran aiki. Wa ke jagorantar tashar? Da wane suna za a kira kowace mota? Da wane harshe? Jandarma ya saba da zaurancen aikinsa cikin Faransanci, mai tsaron ƙauye Hausa yake ji ko Tamajak ko Fulatanci. A tsallaken iyaka, ta wajen Sabon Birni da Gada a jihar Sakkwato, zaurancen na Ingilishi ne. Hausa ce harshen da dukansu ke iya haɗuwa a kai, kuma kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa. Amma har sai an zauna an tsayar da yadda za a faɗi wuri, da adadin masu rauni, da irin ɗaukin da ake so, cikin gajerun kalmomin da kowa ya haddace, tashar za ta cika da dogon bayani a lokacin da daƙiƙa ke da tsada.

Mai sauraro: ɗan sha'awa ko infoma

A Amurka sauraron rediyon 'yan sanda da ba a sirranta ba halal ne a mafi yawan wurare, har akwai shafukan intanet da ke watsa shi kai tsaye, 'yan jarida kuma da shi suke sanin inda gobara ta tashi. Masu goyon baya suna cewa aikin hukuma na jama'a ne, kunnen jama'a a kansa yana rage zalunci. Duk da haka 'yan sandan New York sun fara sirranta tashoshinsu a 2023. A Ingila kuwa laifi ne a doka ka saurari saƙon da ba don kai ko don jama'a aka aika shi ba. Dokokin ITU ma sun ɗora wa ƙasashe nauyin hana tare saƙonnin da ba na jama'a ba da kuma yaɗa abin da aka ji.

Wanda ke zaune a kudancin jihar Tawa dole ya auna wannan da halin da yankin ke ciki. Ƙaramar hukumar Bangi a gundumar Madawa ta karɓi dubban 'yan gudun hijira da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga jihar Sakkwato. A yankin da kalmar infoma ta zama zargi mai kisa, saurayin da aka kama da na'ura tana fitar da muryar jami'an tsaro zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa sha'awa ce kawai. Aika murya a zangon hukuma ya fi haka muni, ko da niyyar kai rahoto ne. Hanyar farar hula ita ce lambar waya: 17 ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana, ko lambar birged ɗin jandarma da ta hakimi.

Ra'ayin wannan sharhi shi ne, hujjar masu son a bar kunnen jama'a tana da ƙarfi a kan rediyon gobara da ambaliya, ba ta da ƙarfi a kan rediyon sintiri a bakin iyaka. Mai sha'awar fasahar kuma yana da ƙofa ta halal: rediyon 'yan sha'awa, wanda ake ba da lasisinsa, da zangonsa na megahaz 144 zuwa 146 a shiyyarmu, da alamar kira mai farawa da 5U a Nijar, 5N a Najeriya.

Ga salula, me ya sa ake wahala?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma masu yin ta ba su yi wauta ba. A yau yawancin haɗin gwiwa tsakanin perfe da kwamandan birged da babban likitan gunduma ta salula yake tafiya, ko ta zauren WhatsApp, ba tare da an sayi komai ba. Har akwai na'urori masu kamar oba-oba da ke aiki da layin waya, suna kai murya duk inda rezo ya kai.

Raunin yana cikin wannan sharaɗi na ƙarshe. A Satumba 2021 gwamnatin Najeriya ta rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka biyo da ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato, domin katse sadarwar 'yan bindiga. Mutanen gari ma sun rasa hanyar kiran ɗauki, na bakin iyaka suka koma neman rezon Nijar a kan tudu. Daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, ta nuna ɗaya fuskar: hanya ta yanke, wuta ta ɗauke, man janaretan eriya ya ƙare. Rediyo kuma yana da abin da salula ba ta da shi, mutum ɗaya ya yi magana ashirin su ji a lokaci guda, babu bugawa, babu jiran a ɗauka.

Idan oba-oban kasuwa ya ci gaba da yawaita ba tare da tsari ba, abin da za a fara gani shi ne cunkoso. Na'urorin suna zuwa da zangunan da masana'anta ta zuba don gwaji, ba tare da la'akari da rabon kowace ƙasa ba, wasu kuma suna fantsama murya zuwa zangunan maƙwabta. Hukumomin tsaro za su ƙara komawa dijital mai sirri, abin da zai kare su daga masu saurare, ya kuma ƙara nisanta su da motar asibiti da masu sa kai, sai fa idan an bar tasha ɗaya a buɗe da gangan. A gunduma kamar Keita wannan na nufin zango ɗaya da ARCEP ta amince da shi, suna ɗaya a fuskar kowace na'ura, haz ɗin sautin ƙofa a rubuce a manne a gaban kowace mota, rele a bakin dutse, da gwajin kira a rana tsayayya kowane mako, tun kafin ruwan Agusta ya cika koramu.